Wandon da Na Auna da Tef ɗin Katako

Akwai wani mutum a duniyar nan, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, amma ni da shi sai a gaban Allah. Shi ne wanda ya fara yanke hukuncin cewa wandon namiji sai ya manne masa kamar fata a bakin ganga, kuma ya tsaya sama da idon sawu kamar na mai shirin tsallake kwata. Wannan mutum azzalumi ne, kuma na rantse ko sau ɗaya bai taɓa sa abin da ya ƙirƙiro ba. Yana can wani wuri cikin wando mai faɗi, ya miƙe ƙafa yana shan iska, yana yi mana dariya.

Ni kafinta ne. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, kuma ba wanda zai buga ƙirji ya ce shi ya koya mini. Da ido na koya, da guduma kuma, ga shaida nan a babban yatsana na hagu wanda farcensa ya yi fushi ya daina fitowa. Tun da na buɗe shago shigata ɗaya ce: wando mai faɗin da zai ɗauke ni har da ƙanena, da riga mai aljihu huɗu. Ɗaya na tef, ɗaya na fensir, ɗaya na ƙusa, na huɗun kuwa na abin da Allah ya hore. Ina da wata al'ada kuma da kowa ya san ni da ita. Duk kujerar da na ƙera, sai na faɗa kanta da dukan nauyina a gaban mai saye kafin ta bar shagona. Nauyin nawa kuwa ba abin wasa ba ne, don Allah ya yi mini baiwar teɓa.

Ana nan sai wani ya buɗe shago daidai tsallaken titi, yana kallon nawa. Gabansa gilashi, ciki fitilu, kujeru suna sheƙi kamar an lashe su. Mai shagon bai wuce shekara talatin da biyar ba, mutanen layi suka sa masa suna Sumul, don komai nasa sumul yake: gashi, takalmi, har maganar. Kullum yana tsaye a bakin ƙofa cikin wandon nan mai kama da an zuba shi a kwalba, waya a hannu, yana murmushi. Sai in ga mutum ya doso shagona, ya dube ni da garin katako a gemu, ya dubi Sumul, ƙafafunsa su tsallaka titi ba tare da sun yi shawara da shi ba.

Na daure har ranar da aka taɓo mini makaranta. Akwai wata makaranta a ƙarshen layinmu, shekara goma sha tara ni nake ƙera mata benci. Wannan aikin shi ne gishirin shagona, in babu shi sai gyaran ƙafar kujera da ƙofar kaji. Tsohon shugabanta ya ajiye aiki, aka kawo sabuwar shugaba, ta aiko mini cewa tana son benci tamanin irin mai haɗe da tebur. Ranar Alhamis za ta zo ta ga samfurina, daga nan ta tsallaka ta ga na Sumul, sannan ta zaɓa.

Zaɓa! Ni da Sumul a faifai ɗaya!

Na fita na sami maƙwabcina mai walda, na zazzage masa. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni tun daga hula har silifa.

"Kafinta, in gaya maka gaskiya ko in bar ka da lafiyarka?"

"Faɗi, ai bakinka ba shi da marfi."

"Mutanen yanzu da ido suke saye. Shi in ya tsaya kamar manajan banki, kai in ka tsaya kamar buhun da aka manta a tasha. Zamani riga ne."

"Riga ne? To, zan sa shi! Kana tsammanin gayu gadonsu ne? Lokacin da nake taje gashi da man kwakwa, uban Sumul bai fara zance ba. Ranar Alhamis za ka ga shigar da za ta sa ya rufe shago ya koma gida ya canza kaya."

"Ni dai ban aike ka ba," in ji shi, ya sauke gilashi ya ci gaba da tartsatsinsa.

Da na koma shago na ja ƙofa, na zaro tef ɗina na ƙarfe, na auna kaina. Ni ban yarda wani ya yi mini awo ba, don na ga irin awon da teloli suke yi da wannan igiyar tasu mai laushi kamar hanjin kaza. Na miƙe tsaye, na haɗiye ciki, na riƙe numfashi, na auna ƙugu. Na auna cinya, gwiwa, ƙwauri. Kowanne sau biyu, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Sannan na yi abin da duk kafintan kirki yake yi in zai haɗa katako biyu: na rage rabin inci a kowane awo. Ai haɗin da ya shiga salin-alin ba haɗi ba ne, gobe zai fara rawa. Haɗi na gaskiya shi ne wanda sai an bi shi da guduma.

Na rubuta a jikin guntun katako na kai wa tela. Telan nan shekara ashirin yana yi mini ɗinki. Ya karɓi katakon, ya juya shi, ya dube ni.

"Wa aka haifa a gidanku?"

"Nawa ne."

"Naka? Maigida, wannan ƙwaurin ko na zakara sai ya yi ƙorafi. Kawo in auna ka da kaina."

"Kar ka taɓa ni da wannan igiyar. Awo ya riga ya gama."

"To ina sarari? Yadi yana son sarari. Mutum zai zauna, zai sunkuya, zai ci abinci."

"Sarari shi ne ya kashe sana'arku. Ni in na bar sarari a ƙafar tebur, kai za ka saya?"

"Tebur ba ya numfashi, Maigida."

"Kai dai yanka! Kuma ba na son yadin nan mai laushi. Wancan nake so." Na nuna wani mai kauri a can saman kanta, ruwan toka.

"Wancan na rufin kujerar mota ne."

"Shi ya sa. Ka yi masa ɗinki uku-uku, da zare mai ƙarfi. Ban son in ji labarin yagewa. Kuma babu aljihu, na ga na Sumul ba shi da kumburi ko ɗaya. Rigar ma haka, ta kama jiki."

Tela ya ajiye almakashi, ya kira maƙwabcinsa mai guga ya ce ya zama shaida cewa ya yi mini nasiha. Na ce su kira alƙali ma in suna so.

Samfurin benci kuwa na zuba masa duk abin da Allah ya sanar da ni. Katako mai nauyi, haɗi dam-dam, gam, ga wurin ajiye littafi a ƙarƙashin tebur. Na tsaya na dube shi na ce, wannan jikokin yaran ma za su zauna a kai.

Ranar Alhamis da safe na fito da kayan daga leda. Matata ta ɗaga wandon da yatsa biyu, ta leƙa cikin ƙafarsa da ido ɗaya kamar mai duba bututu.

"Baban yara, wannan fa? Hannun riga ne aka raba biyu?"

"Yayi ne. Ke ina kika san yayi?"

"Na san wanda na aura dai. Ina sauran wandon?"

"Riƙe mini nan, ki rage surutu."

Ƙafar dama ta shiga har gwiwa ta tsaya. Na ja, ta ƙi. Matata ta ja, ta ƙi. Na kwanta a gado na ɗaga ƙafa sama, ta kama ƙugun wandon tana jijjigawa kamar mai cusa matashi a riga. Ko inci bai motsa ba. Ta ce in haƙura in sa tsohon. Na ce ta kawo mini sabulu.

"Wanka za ka sake?"

"Ke dai kawo."

Duk kafinta ya san in ƙusa ta ƙi shiga katako mai tauri, sabulu ake goga mata. Na cire abin da ya shiga, na goge ƙafafuna da busasshen sabulu tun daga idon sawu har ƙugu, sai da rabin sandar ta ƙare. Na sake zurawa. Ta ja ta baya, na yi tsalle sau uku, sai ji na yi fat, na faɗa ciki. Zif kuwa da filaya na ja shi, ita tana danna mini ciki da tafin hannu biyu.

Na tsaya gaban madubi. Gaskiya ita ce, abin da na gani kamar an kifa tulu a kan sanduna biyu. Amma na ce wa kaina ido ne bai saba ba.

"Yaya kika gani?"

"Na ga ikon Allah," in ji ta. "Ka iya numfashi?"

"Kaɗan-kaɗan. Ai ba yini zan yi ina numfashi ba."

Takalmi ita ta sa mini, don hannuna bai kai ko gwiwa ba. Na fito zan hau babur, na ɗaga ƙafa, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na gwada ta hagu, na gwada ta dama, na jingina babur da bango na gwada ta baya. Matar maƙwabci da ke shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce da ƙarfi, don ta ji, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa.

Tafiyar da nake yi a minti biyar a babur, ranar sai da ta ci mini kusan awa. Gwiwa ba ta lanƙwasa, don haka sai in jefa ƙafa ɗaya gefe, in jawo ɗayar, kamar almakashi yana yawo. Rana ta fito, zufa ta fara. Abin da ban lissafa ba shi ne abin da zufa take yi in ta haɗu da sabulu. Wajen rabin hanya na ji wani sanyi-sanyi a idon sawu. Sunkuyawa ba ta yiwuwa, sai na leƙa ta gefen teɓa. Kumfa ce, fara tas, tana fitowa daga ƙafar wando tana gangarowa kan takalmi. Duk taku ɗaya sai ta yi ƙara, cakal, cakal.

Mai kemis ya leƙo daga shagonsa. "Kafinta, lafiya? Ciwon ƙafa ne? Akwai man shafawa."

"Lafiyata ƙalau!"

"To me ke zuba?"

"Turare ne na zamani. Sai ka yi tafiye-tafiye za ka san shi."

Da na iso layinmu mai walda ya kashe injinsa, abin da ko kiran waya ba ya sa shi yi. Ya zagaye ni sau ɗaya.

"Innalillahi. Wa ya ɗaure ka?"

"Hassada ce ke cin ka."

"Wallahi ba hassada. Na taɓa ganin irin wannan, amma a jikin bututun ruwa. Kuma shi ma da ya fara kumfa sai da muka canza shi."

Na leƙa tsallaken titi don in ga idon Sumul. Ba ya bakin ƙofa. Na ce a raina, ya hango ni ya ɓuya.

Ban gama goge kumfar da ƙafa ɗaya a jikin ɗaya ba sai ga mota ta tsaya. Shugabar makaranta ta fito, mace mai tabarau da jaka, irin waɗanda in suka dube ka sai ka tuna duk aikin gidan da ba ka yi ba tun kana aji uku. Ta dube ni, ta dubi allon shagon, ta sake dubana.

"Sannu. Ina mai shagon? An ce mini wani dattijo ne mai riga da aljihu da yawa."

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kai ne?" Ta gyara tabarau. "To. Allah ya ba da lafiya."

"Lafiyata lau, Malama. Ga samfurin."

Ta shafa teburin, ta ƙwanƙwasa, ta ɗan jijjiga. Na ga alamar ya burge ta, sai na fara zuba: shekaruna, katakona, yadda bencina yake tsufa ya bar makaranta ma. Ta ce tsayin teburin nawa ne daga ƙasa, don yaranta na aji ɗaya ƙanana ne. Na kai hannu aljihun tef, na shafo ƙirji. Na kai ɗaya gefen, na shafo teɓa. Tef yana gida cikin tsohuwar riga, tare da fensir da ƙusa da hankalina.

"Ai ni idona tef ne, Malama. Inci ashirin da takwas."

"Ko za ka auna dai?"

Akwai wani tsohon tef a shagon, amma yana ƙasa cikin akwatin kayan aiki, daidai gaban ƙafata. Na dube shi, ya dube ni. Na ce mata wancan ya lalace, ƙarya yake yi. Ta ciro biro daga jaka ta miƙo mini in rubuta mata awon a takarda. Hannuna da santsin sabulu, biro ya suɓuce ya faɗi tsakanin ƙafafuna. Muka tsaya ni da ita muna kallonsa. A ƙarshe ita ta sunkuya ta ɗauka, mace mai digiri, a gabana, ina tsaye ƙiƙam kamar turken wuta.

Sai ta ce, "Tsohon shugaba ya ba ni labarinka. Ya ce ba ka sallamar kujera sai ka faɗa kanta. Ina son in gani."

Na dubi bencin, na dubi wandona.

"Ai wannan tsohon yayi ne, Malama. Yanzu an ci gaba."

"A'a, Kafinta!" Mai walda ne daga bakin ƙofa, shi da mai kemis da wasu mutum uku da ban san lokacin da suka taru ba. "Kai da kake cewa kujerar da ba ka faɗa kanta ba haramun ce a sayar? Faɗa mana!"

In da ni mai hankali ne da na ce ƙafata ke ciwo. Amma an taɓo ni a gaban jama'a, kuma ni zuciyata a kusa take. Na ce su matsa. Na juya gefe, na dafa tebur, na zura miƙaƙƙun ƙafafuna ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, na ce bismillahi, na saki jiki.

Bencin ko ƙara bai yi ba. Wandon ma bai yage ba, Allah ya saka wa tela, ɗinki uku ya riƙe amana. Abin da ya faru shi ne, kumfar da ta jiƙe yadin ta ɗauke ni na zame gaba, teɓata ta shige ƙarƙashin leɓen tebur, cinyoyina suka cusa kansu ƙarƙashin wurin ajiye littafi, gwiwoyi suka lanƙwashe dole. Wandon ya shaƙe ni ta ko'ina lokaci guda. Na ji kamar an ɗaure kowace ƙafa da waya.

"Kun gani?" na ce da ƙyar. "Ko motsi!"

"Madalla," in ji Malama. "To, tashi mu yi magana."

Na yunƙura. Na sake yunƙurawa. Bencin ya tashi tare da ni, muka koma tare.

"Ina ɗan jin daɗin zaman ne."

"Fuskarka ta canza launi fa."

Mai walda ya kama hannuna na dama, mai kemis na hagu, suka ja. Bencin ya biyo mu har bakin ƙofa. Wasu biyu suka danne shi, aka sake ja, na yi ihun da ban san ina da shi ba. Ƙafafuna kuwa sun fara mutuwa, tun daga yatsu abin yake hawowa kamar tururuwa. Mai kemis ya taɓa idon sawuna ya ce jini ba ya sauka, in aka daɗe ana iya rasa ƙafar. Wani ya ce a fitar da ni waje in sha iska. Haka su biyar ɗin suka ɗauke ni da benci da tebur, suka dire a bakin titi, ina zaune da hannu a kan tebur kamar mai jiran jarrabawa. Masu wucewa suka tsaya. Masu babur suka faka. Wata mota ta rage gudu, direban ya leƙo ya ce wane aji nake.

Mai walda ya ɗauko guduma ya ce zai kwance haɗin. Ya buga, ya buga, ya buga, har gumi ya karyo masa. Ko gezau.

"Aikina ke nan!" na ce, hawaye na zuba. "Ku gaya wa Malama ta duba da kyau!"

"Rufe mana baki," in ji shi. "Bari in ɗauko injin yankan ƙarfe."

"Kusa da cinyata? Wallahi ka kunna shi sai na kai ka kotu!"

Sai wani ya ce a kira na tsallake, ai shi ma kafinta ne. Na ce gara a bar ni in mutu a nan. Ba wanda ya saurare ni.

Wani mutum ya fito daga bayan shagon gilashi da zarto a hannu. Wando ne a jikinsa mai faɗi kamar buhu, da faci a gwiwa, aljihu ta ko'ina, fensir a bayan kunne, garin katako a gashi. Sai da ya durƙusa a gabana na gane shi.

"Sumul?"

"Na'am, Baba. Sannu. Kar ka motsa."

"Ina wandonka?"

"Wanne?"

"Matsattsen! Wanda kake tsayawa da shi kullum!"

Ya dubi ƙafafuna, ya dubi kumfa, na ga yana cije leɓe. "Haba Baba, wa zai yi aiki da wancan? Na bakin ƙofa ne, na ɗaukar hoto. Yana rataye a ƙusa. Ko awa biyu ba na iya yi a ciki, kuma nawa ma yadinsa mai talewa ne."

"Mai talewa?"

"Kamar roba. Wannan naka na mene ne?"

"Na kujerar mota," in ji mai walda, kafin in buɗe baki.

Sumul ya zaro tef daga aljihu, ya auna tsakanin cinyata da katako, ya zaro fensir ya ja layi, ya ce wa Malama don Allah ta ɗan matsa kar gari ya ɓata mata kaya. Ya fara yanka. Ina zaune ina kallon ana yanka mafi kyawun bencin da na taɓa ƙerawa, a kan cinyata, da zarton abokin gabata. Katakon ya ba shi wuya, sai da ya huta sau biyu. Duk da halin da nake ciki sai da na ce masa ya riƙe zarton a karkace, ba haka ake yi ba. Ya ce to Baba.

Da tebur ya rabu aka zaro ni aka shimfiɗe a kan tamfol. Ƙafafu ba sa jin komai. An riga an aika wa tela, ya iso da almakashi yana haki, yana cewa jama'a su shaida, shi ya faɗa, akwai mai guga ma a wurin. Ya sa almakashi a ƙafar wandon, almakashi ya ƙi ci.

"Ɗinki uku ka ce, Maigida. Da zare mai ƙarfi."

A ƙarshe da almakashin yankan kwano na mai walda aka farke ni, daga idon sawu har ƙugu, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kumfa ta yi ta fitowa kamar an buɗe injin wanki. Ana cikin neman abin da za a rufa mini, sai jama'a suka dare. Matata ce, da tsohon wandona a leda. Ashe tun da na fito take biye da ni daga nesa. Ta miƙo mini shi. Kallon da ta yi mini ya fi duk dariyar titin ciwo.

Da jini ya dawo, na miƙe a jikin bango na ce wa Malama ta ga dai ƙarfin aikin da idonta, guduma ta kasa, zarto ya sha wuya.

"Na gani," in ji ta. "Ban taɓa ganin benci mai ƙarfin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Amma Baba, yara ɗari da sittin za su zauna a kansu, wasu ƙanana, wasu manya, kowa da jikinsa. Mutumin da ya auna cinyarsa ta kansa ya rage rabin inci, ina tsoron abin da zai yi wa 'ya'yan mutane." Tela ne ya ba ta labarin rabin incin, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ta juya wajen Sumul ta ce ya zo makaranta gobe da tef ɗinsa ya auna yaran aji-aji. Ta shiga mota ta tafi da shekaruna goma sha tara.

Bayan kwana biyu ina zaune a shago ina gyaran ƙofar kaji, sai ga Sumul ya tsallako. Ya gaishe ni har ƙasa, ya nuna mini zartonsa, haƙora huɗu sun tafi. Ya ce shi fenti da sheƙi ya iya, amma haɗi irin wannan bai taɓa gani ba, kuma benci tamanin sun fi ƙarfinsa. Ko zan zo in riƙa yi masa haɗin, shi ya yi awo? Na kore shi. Na ce masa ni da na buɗe shago yana tsumman goyo, ni zan yi aiki a ƙarƙashinsa? Na bi shi da maganganu har tsakiyar titi, mai walda yana tafi.

Washegari da safe na ɗauki gudumata na tsallaka.

Yanzu haka a can nake yini, a bayan shagon gilashi inda masu saye ba sa gani, cikin wandona mai faɗi. Shi yana gaba a tsaye yana murmushi cikin matsattsensa, in awa biyu ta cika ya shigo da gudu ya cire ya rataye, ya zauna yana murza ƙwauri. In na kai hannu zan taɓa tef sai ya ce, "Baba, bar awon, na riga na yi."

Na san kana dariya, kuma ka yi, haƙƙinka ne. Amma kafin ka gama, tashi ka buɗe akwatinka, ka tono can ƙasa. Akwai wata riga ko wani takalmi ko wani wando da ka saya don ka ga kowa yana sawa, ka sa shi sau ɗaya, ka yini kana murmushi jikinka yana kuka, ka dawo ka cusa shi inda ba za ku sake haɗa ido ba. Wanda ya cuce ni shi ya cuce ka, bambancinmu kawai ni a bakin titi aka farke ni. In ka isa, ka dube ni ka ce ƙarya nake yi.